Yawon Buɗe Ido a Motar-Gida da Makomar Ƙananan Garuruwan Tarihi: Nazari Daga Kudancin Jamus da Karkarar Faransa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin wani nau'in yawon buɗe ido da ya bunƙasa a Turai, wato zagaya ƙananan garuruwan tarihi a cikin motar da ke ɗauke da makwanci da madafa da makewayi. An ɗauki garuruwa uku na kudancin Jamus, Rothenburg da Dinkelsbühl da Nördlingen, a matsayin zakaran gwajin dafi, sannan aka kwatanta su da tsarin da ƙauyukan Faransa suka bi. An ɗora nazarin a kan ra'in matakan rayuwar wurin yawon buɗe ido na Richard Butler. Maƙalar ta gano cewa talauci da kaucewar hanyoyin ciniki ne suka tsare tsohon fasalin waɗannan garuruwa, kuma hanyar mota ce ta dawo musu da baƙi. Ta kuma nuna cewa amfanin motar-gida ko illarta ga gari ya ta'allaƙa ne a kan inda aka tanadar mata wurin sauka.

Fitilun Kalmomi: motar-gida, yawon buɗe ido, ganuwa, zango, adana kayan tarihi

1.0 Gabatarwa

Tsohon gari mai ganuwa an gina shi ne daidai da mai tafiya a ƙasa da doki da keken shanu. Ƙofofinsa ƙanana ne, lungunansa matsattsu, filin kasuwarsa kuma bai wuce abin da zai ɗauki mutanen garin da na ƙauyukan kewaye ba. Motar-gida kuwa 'yar babbar hanya ce, tsawonta yakan kai mita shida zuwa bakwai, faɗinta ya haura mita biyu, tsayinta kuma ya kusa mita uku. Haɗuwar waɗannan abubuwa biyu ta zama ruwan dare a Turai, musamman tun daga annobar korona ta 2020, lokacin da mutane da yawa suka gwammace su yi hutu a cikin abin hawansu maimakon otal. A farkon shekarar 2024, yawan motocin-gida masu rajista a Jamus kaɗai ya haura 900,000.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me garin da mazaunansa ba su wuce dubu goma sha ɗaya ba yake samu, me kuma yake asara, idan baƙonsa ya zo da gadonsa da tukunyarsa? Amsar tana da muhimmanci ga duk mai nazarin al'ada, domin ta shafi yadda al'umma ke rayuwa a cikin gadon da ya zama haja.

1.1 Ra'in Bincike

A shekarar 1980 masanin labarin ƙasa Richard Butler ya gabatar da ra'in da ke cewa wurin yawon buɗe ido yana bin matakai kamar na abu mai rai. Da farko 'yan tsirarun matafiya ne ke gano shi. Daga nan mutanen gari su fara yi musu hidima, sai jari ya shigo wurin ya bunƙasa, ya kafu, ya kai matsayin da ba ya ƙara gaba. Bayan wannan mataki, ko dai ya durƙushe ko kuma ya sabunta kansa. Abin da ke yanke hukunci a ra'in shi ne iyakar nauyin da wurin zai iya ɗauka, ta fuskar fili da ruwa da haƙurin mazauna. An kuma yi amfani da tunanin Dean MacCannell, wanda tun a 1973 ya nuna cewa sau da yawa abin da ake nuna wa baƙo a matsayin rayuwa ta asali shiri ne da aka tsara dominsa.

2.0 Kalmar da Asalinta

Hausa ba ta da tsayayyar kalma ga wannan abin hawa, saboda haka maƙalar ta zaɓi harɗaɗɗen suna "motar-gida", a kan ƙirar "motar haya" da "motar kaya". An bambanta ta da ɗakin da ba shi da inji, wanda wata mota ke ja. Wannan na biyu shi ne Ingilishin Birtaniya ke kira da kalmar da ta samo asali daga "karwan" ta Farisanci, mai ma'anar ayari. Kalmar ta fara ne da nufin jerin fatake da dabbobinsu, ta koma nufin rufaffen keken doki da ake kwana a ciki, daga bisani ta zama sunan ɗakin hutu mai taya. Daga wannan tushe ne kuma aka samu sunan masaukin ayari na ƙasashen Farisa da Turkiyya, wanda aikinsa ya yi daidai da na zango a ƙasar Hausa. Za a ga amfanin wannan kwatanci a gaba.

2.1 Taƙaitaccen Tarihin Motar-Gida

Ana danganta farkon yawon nishaɗi a gida mai taya da wani likita ɗan Sukotland, William Gordon Stables, wanda a 1885 aka ƙera masa keken da dawaki biyu ke ja, ya yi tafiya a cikinsa daga kudancin Ingila har zuwa Inverness. A 1907 masu irin wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu a Birtaniya. A Jamus, Arist Dethleffs na garin Isny ya ƙera ɗakin da mota ke ja a 1931, domin iyalinsa su riƙa raka shi tafiye-tafiyen kasuwanci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin Westfalia ya fara mayar da ƙananan motocin bas na Volkswagen wurin kwana daga 1951, kamfanin Winnebago na Amurka ya fitar da motar-gidansa ta farko a 1966, Hymer na Jamus kuma ya biyo baya da tasa a 1971.

Fasahar ƙira ita kaɗai ba ta isa ta haifar da wannan al'ada ba. Sai da ma'aikaci ya samu hutu mai albashi, kamar makonni biyun da dokar Faransa ta 1936 ta tanada, aka kuma shimfiɗa hanyoyi masu kyau, sannan matsakaicin iyali ya iya tunanin sayen motar da ba ta da aiki sai yawo.

3.0 Garuruwa Uku a Kan Hanya Ɗaya

A 1950 aka ƙirƙiro hanyar yawon buɗe ido da Jamusawa ke kira Romantische Straße, wadda ma'anarta ta fi kusa da "hanyar begen zamanin da". Ta tashi daga Würzburg ta ƙare a Füssen a gindin duwatsun Alps, tazarar kimanin kilomita 460, ta ratsa jihohin Bavariya da Baden-Württemberg. Ba sabon titi aka gina ba. Tsofaffin hanyoyi aka ɗinke da suna ɗaya da alluna iri ɗaya, da nufin farfaɗo da tattalin arziki da kuma gyara sunan ƙasar a idon duniya bayan yaƙi. Daga cikin baƙinta na farko akwai sojojin Amurka da ke zaune a yankin tare da iyalansu.

3.1 Rothenburg

Rothenburg, wanda ke kan tudu a saman kogin Tauber, ya zama 'yantaccen birni a ƙarƙashin sarkin daula a 1274, ya kuma kai ƙololuwar ƙarfinsa wajen 1400 a zamanin magajin gari Heinrich Toppler. Yaƙin Shekara Talatin na 1618 zuwa 1648 ya karya shi, musamman bayan da dakarun Tilly suka ci garin a 1631. Yunwa da annoba suka rage jama'a, ciniki ya koma wasu wurare, mutanen garin suka rasa kuɗin rushe tsofaffin gidaje su gina na yayi. Ko da jirgin ƙasa ya zo, babban layin ya kauce masa, sai a 1873 aka miƙo masa ɗan reshe daga Steinach. Wannan koma-baya shi ne ya adana garin, har masu zane na ƙarni na 19 irin su Carl Spitzweg suka gano shi suka yayata kyansa. A ma'aunin Butler, su ne matafiyan matakin farko.

Sai dai ba duk abin da baƙo ke gani a yau ne tsoho ba. Ranar 31 ga Maris, 1945, jiragen yaƙin Amurka suka yi wa garin ruwan bama-bamai, kusan kashi 40 cikin ɗari na gine-ginensa suka rushe, galibi a ɓangaren gabas. An sake gina su a kan tsohon fasali, kuma har yanzu ana ganin sunayen waɗanda suka ba da gudummawa daga ƙasashe daban-daban a jikin ganuwar. Wannan ya gaskata batun MacCannell ta wata fuska, tun da sashen garin an maido da shi ne da sanin cewa kamanninsa su ne jarinsa.

3.2 Dinkelsbühl

Dinkelsbühl bai gamu da ɓarnar Yaƙin Duniya na Biyu ba, don haka ganuwarsa da ƙofofinsa huɗu da majami'ar Georg, wadda aka gina tsakanin 1448 da 1499, suna nan yadda suke. Kowace shekara a watan Yuli garin yana bikin Kinderzeche, na tunawa da zuwan dakarun Suwidin a 1632. Labarin baka ya ce yaran garin ne suka fita suka roƙi kwamandan maharan har ya fasa ƙona shi. 'Yan makaranta da iyayensu ne ke gudanar da bikin, kuma ya girmi harkar yawon buɗe ido ta zamani. Baƙo yana kallo ne kawai, masu bikin suna yi ne domin kansu.

3.3 Nördlingen

Nördlingen yana zaune ne a tsakiyar wani ƙaton kwari mai faɗin kimanin kilomita 25, wanda wani dutse da ya faɗo daga sararin samaniya ya haƙa kusan shekara miliyan 15 da suka wuce. Masana biyu daga Amurka, Eugene Shoemaker da Edward Chao, su ne suka tabbatar da haka a farkon shekarun 1960, kuma a 1970 'yan sama-jannatin Apollo 14 suka zo yankin domin samun horo. Da dutsen da wannan karo ya samar aka gina hasumiyar majami'ar garin mai tsayin mita 90, wadda ake kira Daniel. Ganuwar garin, mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi da ƙofofi biyar, ana iya zagaye ta gaba ɗaya a ƙafa ta samanta. Ta tsira ne saboda Sarki Ludwig na Ɗaya na Bavariya ya hana rushe ta a 1826, a lokacin da birane da yawa ke rusa nasu domin faɗaɗa tituna.

4.0 Buƙatun Motar-Gida da Dokokin da Suka Kewaye Ta

Ana yawan kwatanta motar-gida da cikakken 'yanci, alhali kuwa a ɗaure take da buƙatu na yau da kullum. Tankin ruwanta mai tsabta yakan ɗauki kimanin lita 100, akwai wani tankin na ruwan wanke-wanke, akwai kuma akwatin makewayi da bai cika wuce lita 20 ba. Mutum biyu sukan cika shi cikin kwana biyu ko uku, dole su nemi wurin da aka keɓe domin zubarwa. Batir yana buƙatar caji, murhu da na'urar ɗumama ɗaki suna buƙatar gas. Ke nan matafiyin yana da buƙatar gari, ko da bai kwana a otal ɗinsa ba.

Doka ma ta yi tasiri a kan ƙirar motar. Lasisin tuƙi na gama-gari da ake bayarwa a Jamus tun 1999 ya tsaya ne a kilogiram 3,500, shi ya sa masu ƙira ke ƙoƙarin kada motar ta haura wannan nauyi. A Jamus an yarda direba ya kwana a wurin ajiye motoci na jama'a idan manufarsa ita ce ya huta ya samu ƙarfin ci gaba da tuƙi, amma da zarar ya fito da kujeru da tebur ya buɗe rumfa, ya shiga hukuncin kafa sansani ba da izini ba. Manyan birane irin su Augsburg, da ke kan wannan hanya, suna da yankunan da tsohuwar mota mai yawan hayaƙi ba ta shiga sai da takardar shaida a gilashi.

4.1 Wurin Sauka a Bayan Ganuwa

Maganin da garuruwan Jamus suka samo shi ne abin da suke kira Stellplatz, wato fili a wajen ganuwa da aka tanadar wa motocin-gida, mai famfo da wurin zubar da ƙazanta, wani lokaci da lantarki, a kan kuɗi kaɗan. Matafiyi ya ajiye motarsa, ya shiga gari a ƙafa ko a keke. Duk garuruwan nan uku sun bi wannan tsari.

Mai nazarin Hausa zai ga kama tsakanin wannan da zango. Ayarin fatake ba ya kutsawa cikin gari da jakuna da kaya, yakan sauka ne a gefe, inda akwai ruwa da abinci da wanda ke kula da baƙi, daga nan a shiga kasuwa. A duka tsarin biyu, gari ya amince yana son baƙo, ya kuma shata masa iyaka. Bambancin shi ne, zango yakan rikiɗe ya zama unguwa ta dindindin, kamar yadda ya faru a Kumasi da sauran garuruwan Gana, domin falke yakan zauna ya yi aure ya kafa zuriya. Wurin saukar motar-gida kuwa an ƙayyade masa kwanaki, mai shi ba ya zama ɗan gari, ba ya kuma ɗaukar nauyin gyaran abin da ya zo kallo.

5.0 Tsarin Faransa

Faransa ta tunkari batun ta ɓangaren ƙauyuka. A 1982 Charles Ceyrac, magajin garin Collonges-la-Rouge, ya jagoranci kafa ƙungiyar Les Plus Beaux Villages de France, wato ƙauyukan da suka fi kyau a ƙasar. Sharuɗɗan shiga sun haɗa da kada mazauna su wuce 2,000, a samu aƙalla wurare biyu da doka ta kare, majalisar ƙauyen kuma ta amince. A yau mambobinta sun haura 170. Abin da ya haifar da ita shi ne ƙaurar matasa zuwa birane, wadda ta bar gidajen dutse babu kowa. Ƙauye irin Saint-Cirq-Lapopie, mai mazauna kusan 200 a kan dutse a saman kogin Lot, ba shi da filin da zai ɗauki manyan motoci, dole baƙi su ajiye su a waje su ƙarasa a ƙafa.

Baya ga wuraren sauka na ƙananan hukumomi, akwai tsarin France Passion da aka fara a 1993. Mai motar-gida yakan biya kuɗin rajista na shekara, ya samu damar kwana ɗaya kyauta a gonar manomi ko makiyayi da ke cikin tsarin. Ba a tilasta masa sayen komai ba, amma al'ada ta sa yakan sayi cuku ko zuma ko 'ya'yan itace daga hannun mai masaukinsa. Ta haka kuɗin yana isa ga manomi kai tsaye, cunkoson kuma yana raguwa a cikin ƙauyen.

6.0 Riba da Asara

Masu otal suna da hujja idan suka ce mai motar-gida ba ya biyan kuɗin ɗaki, yana kuma iya cika firjinsa a babban kanti da ke bakin hanya. Amma kwatanta shi da mai kwana a otal kaɗai bai wadatar ba. A gari irin Rothenburg, babban nauyin yana zuwa ne daga masu yini ɗaya, waɗanda manyan motocin bas ke saukewa da hantsi su kwashe su kafin la'asar. Mai motar-gida yana nan da yamma bayan sun watse, yana nan da safe lokacin da gidan burodi ya buɗe. Da yawa daga cikinsu 'yan fansho ne, masu iya tafiya a watannin da baƙi suka yi ƙaranci, kuma suna isa ƙauyukan da ba su da otal ko ɗaya.

Illar tana bayyana ne a inda babu tanadi. A arewacin Sukotland, hanyar da aka ƙaddamar a 2015 mai tsawon mil 516 ta jawo motocin-gida masu yawa zuwa kan siraran tituna, mazauna suka yi ta kokawa da cunkoso da zubar da ƙazanta a inda bai dace ba. Fotugal kuma ta tsaurara dokarta a 2021 game da kwana a wuraren da ba a ba da izini ba, musamman a yankunan da aka kare. A wurare biyun, tallar hanya ta riga gina wurin sauka.

Akwai wata asara da ba mota ce kaɗai ke jawo ta ba. Idan shagon kayan masarufi ya koma na tsaraba, gidan haya ya koma masaukin baƙi, mazauna sukan fice zuwa sababbin unguwanni, a bar ganuwa tana kewaye da gidan tarihi. Wannan shi ne matakin tsayawa cik a ra'in Butler. Nördlingen, mai mazauna kusan 20,000 da masana'antu da makarantu, bai dogara ga baƙi kamar Rothenburg ba, shi ya sa tsohon garinsa ya fi riƙe harkokin yau da kullum.

7.0 Sakamakon Bincike

Nazarin ya fito da abubuwa huɗu. Na farko, tsufa kaɗai ba ya adana gari. Rothenburg talauci ne ya tsare shi, Nördlingen umarnin sarki, Dinkelsbühl kuma tsira daga bama-bamai. Na biyu, hanyar yawon buɗe ido ƙirƙira ce ta hukuma, wadda ke haɗa ƙananan garuruwa su sayar da kansu a dunƙule, abin da kowannensu ba zai iya shi kaɗai ba. Na uku, motar-gida tana amfanar gari ne idan an tsayar da ita a bayan ganuwa, an ba ta ruwa da wurin zubar da ƙazanta, an bar mai ita ya shiga a ƙafa. Na huɗu, garin da ke da wata sana'a ban da karɓar baƙi, da al'adar da mutanensa ke yi domin kansu, ya fi jure yawan masu ziyara.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi tarihin motar-gida daga keken dokin 1885 zuwa yau, ta duba garuruwa uku na kudancin Jamus da tsarin ƙauyukan Faransa, ta kuma auna ribar wannan nau'in yawo da asararsa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne shawarar da waɗannan garuruwa suka yanke game da ƙofofinsu. Da mota ta fi ƙarfin ƙofa, sai suka bar ƙofar yadda take suka nema wa motar wuri a waje. Masu nazarin ganuwa da ƙofofin biranen Hausa, inda aka sha rushe ƙofa a sake gina ta da faɗi domin titi ya wuce, za su iya samun abin kwatantawa a nan. Haka kuma akwai buƙatar masana harshe su duba kalmar "motar-gida" da sauran kalmomin wannan fanni, domin a samu matsaya kafin aro ya riga ƙirƙira zama a bakin jama'a.